Jarumin Tsumma a Cikin Adakar Mushe

Akwai kayan da ba a sanin kimarsu sai sun yi nisa da gida. Mutum-mutumin yumɓu na Bura, waɗanda aka fara ganowa a yammacin Nijar a shekarar 1975, sun yi ɗaruruwan shekaru kwance a ƙarƙashin ƙasa ba mai waiwayarsu. Amma da labarinsu ya kai kunnen masu tara kayan tarihi a Turai, sai aka shiga haƙa ana fitar da su a ɓoye, har ta kai da yawa daga cikinsu ƴan ƙasa ba sa ganinsu sai a hoto. Wannan ƙaddara ba ta tsaya ga yumɓu da tagulla ba, ta shafi finafinai ma. Ɗaya daga cikin waɗanda ta shafa shi ne wani ɗan gajeren fim na ƴan tsana mai suna Samba le grand, wato Samba Babba, wanda Moustapha Alassane ya fitar a 1977.

Tsawon fim ɗin kimanin minti 14 ne. Labarin wani jarumi ne na zamanin da, wanda kyawun wata gimbiya ya ɗauke masa hankali har ya nemi aurenta, ita kuwa ta dinga ɗora masa gwaji bayan gwaji, duk wanda ya ci sai ta ƙaro wani, har dai mutuwa ce ta haɗa su. Masana tarihin silima kan sanya shi cikin finafinan ƴan tsana masu launi na farko da ɗan Afirka ya yi. A 2017 gidan fasahar zamani na MoMA da ke birnin Niyok ya ware kwanaki domin nuna ayyukan Alassane. Amma idan mai karatu ya shiga azuzuwan lakwal na jihar Maraɗi ya tambayi yara, da wuya ya sami wanda ya taɓa jin sunan Samba ko na wanda ya ƙera shi.

A Ɗan Gulbi, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin gundumar Dakoro, akwai wani tsohon malamin lakwal da ya yi ritaya, wanda manya da yara ke kira Mushe kamar ba a raɗa masa wani suna ba. Sau ɗaya tak ya ga fim ɗin a ƙuruciyarsa, a farkon shekarun 1980, zamanin Samariya, lokacin yana koyon aikin malanta a Maraɗi. An haska shi ne da majigi a wani dandalin matasa kafin a sa babban fim ɗin da jama'a suka zo dominsa. Babban fim ɗin ya daɗe da ɓace masa, ko sunansa ba ya tunawa. Ɗan ƙaramin kuwa ya zauna masa a rai, saboda a ranar ne ya fara ganin irin labarin da kakarsa ke bayarwa da dare ya hau allon silima sanye da riga da rawani. Tun daga nan ya shiga neman duk abin da ya shafi fim ɗin da mai shi, yana ajiyewa a wata adakar ƙarfe da ta bi shi duk ƙauyen da aka tura shi koyarwa.

Mutumin da ya jawo masa wannan doguwar hidima an haife shi a 1942. Moustapha Alassane ya fara da sana'ar kanikanci, kuma tun kafin ya riƙe kyamara yana tara jama'a da wasan inuwa, yana zana siffofi yana haska su da fitila. A cibiyar bincike ta Yamai ya haɗu da Bafaranshen nan Jean Rouch, ya koyi aikin fim, ya fitar da Aouré a 1962 a kan al'adun aure. Daga baya ya tafi Kanada inda ya ga yadda Norman McLaren ke motsa zane. La Mort de Gandji na 1965 ya sami lambar yabo a bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966. A wannan shekara kuma ya fitar da Bon voyage Sim, inda shugaban ƙasar kwaɗi ke tafiya ziyarar aiki ana ta busa da fareti, shaguɓen da kowa ya gane inda ya dosa. Ya kuma yi Kokoa, wanda sunansa kokowar nan ce da aka sani, sai dai ƴan kokowar kwaɗi ne da hawainiya, alƙalin wasa kuma ƙaguwa. Ya shugabanci sashen silima na Jami'ar Yamai shekara 15, sa'an nan ya koma Tawa inda ya mai da wasu ɗakunan otel ɗinsa wurin aiki. Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris, 2015.

Duk wanda ya san yadda ake irin wannan fim zai ƙara ganin girman minti 14 ɗin nan. Ƴar tsana ba ta motsi da kanta. Ana tsayar da ita a ɗauki hoto ɗaya, a ɗan lanƙwasa hannunta ko ƙafar dokinta a sake ɗauka, haka har a gama. Majigi na haska hoto 24 a cikin daƙiƙa guda, ke nan minti 14 na cin hotuna sama da 20,000. Ko da an bar kowane motsi ya ɗauki hoto biyu, hannun mai aiki zai taɓa ƴan tsanan fiye da sau 10,000. Alamar wannan hannu ba ta ɓuya ba a fim ɗin. Tafiyar jaruman tana da ɗan tsalle-tsalle, jikinsu na tsumma ne a fili, kuma mai kallo yana sane da cewa yaƙin da ake gwabzawa a gabansa bai fi faɗin tabarma ba. Wannan ne ya sa fim ɗin ya fita dabam: labari ne na sarauta da jini da mutuwa, amma an ba da shi da kayan wasan yara, ta yadda dariya da tausayi ke zuwa wa mutum a tare. Bahaushe bai kamata ya ga baƙon abu a nan ba, domin tun kafin zuwan majigi akwai masu wasan dabo da ke ɓuya a ƙarƙashin babbar riga suna fito da ƴan tsana suna sa su magana.

Shi kansa labarin ya girmi silima nesa ba kusa ba. Cikakkiyar ruwayarsa da ta shiga rubutu ita ce wadda Bajamushen nan Leo Frobenius ya tattaro a ƙasashen Sahel a farkon ƙarni na 20, ya buga da Jamusanci a 1921. A wannan ruwaya sunan jarumin Samba Gana, gimbiyar kuma Annallja Tu Bari. Baƙin cikin rasa gari guda ne ya kashe mahaifinta, don haka ta daina dariya, ta ce ba za ta auri kowa ba sai wanda ya ci garuruwa 80. Samba, wanda shi mai yawan dariya ne, ya ci su. Ta ce saura macijin Isa Ber, wato kogin Isa, wanda ke jawo wa mutane yunwa. Samba ya yi shekara 8 yana fama da shi, ya karya masu 800 da takubba 80 kafin ya yi galaba. Da aka kai mata albishir, sai ta aiko a ce masa ya jawo macijin domin ya biyo da kogin zuwa ƙasarta. Samba ya ga abin ya wuce kima, ya soka wa kansa takobin da ya rage, ya yi dariyarsa ta ƙarshe. Gimbiyar ta sa aka yi shekara 8 ana tara masa ƙasa a kan kabari har ya zama tudun da ake hango nesa daga kansa. Ranar da aka gama ta yi dariya, ta faɗi ta mutu, aka binne ta kusa da shi.

Frobenius kansa gawurtaccen mai tara kaya ne. Shi ne wanda a 1910 ya yi ƙoƙarin fita da kan Olokun daga Ife, yana da'awar cewa irin wannan gwaninta ba ta ƴan Afirka ba ce, saura ce ta wata tsohuwar daula da teku ya haɗiye. Ke nan an taɓa ɗauke labarin Samba sau ɗaya, daga bakin maroƙa zuwa kantar littattafai a Jamus. Abin da Alassane ya yi a 1977 shi ne dawo da irin wannan labari gaban idon mutanen Sahel, da kayan da hannunsa ya iya kaiwa.

Macijin da ke tsakanin mutane da ruwa kuwa tsohon sananne ne a wannan yanki. Yaron da ya yi tarihi a aji ya san rijiyar Kusugu ta Daura, da macijin da ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, da baƙon da ya sare kansa ya auri sarauniya. A ruwayar Soninke ta Wagadu akwai Bida, wanda ake ba budurwa kowace shekara, da aka kashe shi kuma fari ya watsa daular. Alassane ma ya riga ya taɓo zancen a Toula na 1973, wanda ya yi tare da Anna Soehring bisa labarin Boubou Hama, inda ake sadaukar da yarinya domin a sami ruwa, a daidai lokacin da babban farin nan ke cinye dabbobin Sahel. Samba Babba ya fito ne shekaru kaɗan bayan wannan masifa, ga mutanen da ba su gama zaman makokinta ba.

Ƙaddarar Bura ta sami fim ɗin ta wata hanya. A wancan zamani finafinan ƙasashen da Faransa ta raina a ɗakunan wanki na Faransa ake wanke su, don haka asalin faifan da yawansu can ya zauna. Cinémathèque Afrique da aka kafa a Paris a 1961 na cikin manyan rumbunan finafinan Afirka a duniya. Kwafin da suka iso gida sun haɗu da zafi da ƙura. Faifan silima idan ya sha zafi da laima launinsa kan koɗe ya koma ja-ja, jikinsa ya soma tsami yana lanƙwashewa. Ko rumbun finafinan Afirka na Wagadugu, wanda aka kafa a 1989, bai tsira ba, domin ambaliyar ranar 1 ga Satumba, 2009 ta shiga cikinsa ta yi ɓarna. Ana cikin haka gidajen silima suka yi ta rufewa, kasat ɗin Kano ya cika kasuwa tun daga shekarun 1990, bayansa faifan CD, bayansa katin waya. Duk abin da ya yi ƙaranci kuwa, aka kuma ce shi ne na fari a fanninsa, masu tara kaya sun sami abin nema. Suna bin tsohon faifai mai faɗin milimita 16, da fastar talla, da littafin shirye-shiryen biki, da faifan DVD da aka buga kaɗan ya ƙare a kasuwa. Mafi yawansu masoya ne na gaskiya, kuma ba don irinsu ba da wasu finafinan sun salwanta. Sai dai abin da suka adana yana can inda kuɗi da sanyi suke.

Adakar Mushe ba ta kai ko kusa da waɗannan rumbuna ba. Abin da ke ciki shi ne wani kasat ɗin bidiyo da ya daina aiki, da yankakkun shafukan jarida, da littafin da ya rubuta labarin Samba da Hausa da hannunsa, da faifan DVD da wani tsohon ɗalibinsa mai aiki a Faransa ya aiko masa, da kuma takardar sanarwar wancan dare na Maraɗi, wadda aka buga da injin kwafi mai tawada, ta yi ja saboda tsufa. Shekaru ya yi yana buɗe adakar shi kaɗai, ya duba, ya rufe. Uwargidansa takan ce, "Malam, wannan dukiya taka ko gara ba ta so." Rijiya ta bayar, guga ya hana: fim ɗin yana cikin gari, amma ba abin da za a haska shi da shi.

Wata Babbar Salla ɗalibin nan ya zo gida, ya zo gaishe shi, ya durƙusa kamar yadda ya saba tun yana aji uku. Bayan gaisuwa ya ce, "Mushe, akwai wani Bature da na sani, mai tara kayan silimar Afirka. Na nuna masa hoton takardar nan taku, ya ce in tambaye ku ko za ku sallama." Kuɗin da aka ambata ya fi fanshon Mushe na wata biyu, ga rufin ɗaki yana yoyo, ga damina ta ƙarato. Ya ce a ba shi kwana uku. A cikin kwanakin ya auna abin ta kowace fuska. In ya sayar, ya zama ɗaya daga cikin masu haƙa Bura; in ya hana, takardar za ta ci gaba da ruɓewa a adaka, bayan ransa kuma wataƙila a ƙunsa ƙosai da ita. A rana ta uku ya ce, "Ɗana, ba na son kuɗinsa. Ka ce masa ya aiko da ƙaramin majigi irin mai aiki da batir, da allon hasken rana da zai riƙa cika shi. In ya yarda, takarda tasa ce." Aka ɗauki hotonta gaba da baya, ta tafi. Har yau idan zancen ya taso yakan yi shiru na ɗan lokaci, domin ya san wani abu na gida ya sake ƙetare teku, kuma shi ya miƙa shi.

Bayan girbi majigin ya iso. Aka ɗaura farin zane a bangon lakwal, yara suka zauna a gaba, mata a gefe, dattawa a baya a kan tabarmi. Bayanin fim ɗin da Faransanci yake, wanda ƙananan yara da iyayensu mata ba sa ji, saboda haka Mushe ya rage sautin ya tsaya kusa da zanen ya buɗe da gatanan gatananku, yana cike giɓin da abin da ya sani na tsohuwar ruwaya. Da farko dariya aka yi ta yi. Jikarsa, wadda yake tsokana da sunan amarya, ta ɗaga murya ta ce, "Tsoho, wannan dokin naka gurgu ne?" Yaran da suka saba da katun na waya mai santsi sun ɗauki tsallen ƴan tsanan a kan gazawa. Kafin a kai tsakiya dariyar ta ragu, da aka zo mutuwar Samba kuwa ba a jin komai sai kukan gyare. Aka nemi a maimaita, aka maimaita har sau uku, batir ya ƙare.

Muhawarar da ta biyo baya ta fi fim ɗin tsawo. Samari suka haɗu a kan cewa gimbiyar ba ta da godiya, irin matan nan ne da ba a iya musu. Mushe ma haka ya fahimci labarin shekara arba'in, haka kuma taƙaitaccen bayanin da ake rubutawa a littattafan biki ke nunawa: mace mai ƙara sharaɗi, namiji mai haƙuri. Sai wata tsohuwa da kowa ke kira Inna ta gyara zama ta ce, "Mushe, ku dakata. Ya ci gari tamanin, to gari ake sha? Yarinyar nan ba zinariya ta roƙa ba, cewa ta yi a kawo kogi ƙasarta. Wanda bai taɓa jan guga gaba talatin ba shi ke cewa ta cika roƙo." Mata suka ɗauka da guɗa. A ƙasar Dakoro, inda rijiyoyi ke da zurfi, inda Gulbin Kaba ya fi zama kwarin goruba da yashi a kan ruwa mai gudu, buƙatar Annallja ta ƙarshe ita ce mafi hankali a cikin duk abin da ta nema. Rashin dariyarta ma ya sami wata ma'ana. Mushe ya koma gida ya buɗe littafinsa ya ƙara shafi biyu.

Irin wannan fassara ba ta fitowa sai labari ya haɗu da mutanen da suka san nauyin tulu. A nan ne kuma fim ya bambanta da mutum-mutumin Bura. Mutum-mutumi guda ne, in yana Paris ba ya Yamai, shi ya sa maganar mayar da kayan tarihi ke da zafi. Fim kuwa da zarar an gyara shi an mai da shi na kwamfuta, ana iya kallonsa a Niyok da Ɗan Gulbi a dare ɗaya ba tare da rumbun kowa ya ragu ba. Abin da ya rage aikin mutane ne, kuma malamai da ƙungiyoyin raya al'adu su ne suka fi cancanta da shi. Akwai neman izini daga magadan Alassane da masu riƙe da haƙƙin finafinan, domin kwafin da ke yawo daga waya zuwa waya ba ya kai ko dala ga iyalan wanda ya yi wahalar. Akwai sa wa finafinan murya da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa. Masu fassara finafinan Indiya a Kano sun nuna cewa ƙwarewar tana nan, minti 14 kuma ba zai gagare su ba. Akwai kuma shigar da su cikin darasi, a ajiye Samba kusa da Bayajida, a bar yara su gano da kansu abin da ya haɗa macizan biyu da abin da ya raba su. Alassane da kansa ya yi yawo da mota ƙauye-ƙauye yana haska finafinai, don haka wanda ya ɗaura zane a bangon lakwal hanyarsa ya bi.

Makonni kaɗan bayan wancan dare, wasu yaran ajin ƙarshe suka zo wa Mushe da doki na karan dawa da mahayi na tsumma da waya, suka ce ya nuna musu yadda ake sa shi tafiya. Ya ari wayar sabon malamin lakwal ɗin, suka kafa ta a kan bulo, suka yi yini guda suna matsar da ƙafar doki suna ɗaukar hoto. Abin da suka samu bai kai daƙiƙa goma ba, kuma inuwa tana ta sauya wuri saboda rana ba ta jira su ba. Sun ce labarin Kusugu za su yi, amma gardama ta kaure a kan wanda zai ɗinka macijin, kuma ƴan matan ajin sun kafe cewa a nasu fim ɗin sarauniya ce za ta fara magana. Mushe ya riga ya gaya wa iyalinsa cewa bayan ransa a kai adakar da majigin lakwal, a damƙa wa wanda ke riƙe da makullin aji. Allah ya jiƙan Moustapha Alassane, ya sa a ga ranar da yaran ƙasarsa za su ji Samba yana dariya da harshensu.